Jere a Gidan Kamfani

Sana'ata jere ce. Idan za a kai yarinya ɗakin miji a unguwarmu ta Hausawa a Anaca, ni ake aiko wa. Ni zan tsaya a tsakiyar ɗaki in ce gado nan, kabad can, manyan kwanuka a ƙasa, ƙanana a sama, zanen fure ya kalli ƙofa. Ban taɓa zama a aji ba, karatuna bai wuce abin da nake sallah da shi ba, amma idan na kalli jeren ɗaki, ko bayan shekara na dawo zan gaya wa mai ɗakin wace langa ce babu. Mata suna shakkata saboda haka, ban kuma ga laifinsu ba.

Da muka dawo Anaca bayan yaƙin basasa mu uku ne: ni, da ƙanena, da 'yarsa. Mijina ya rasu can Arewa lokacin da muke zaman jira. Uwar yarinyar kuwa tun tana goye ta rasu, ni na riƙe ta. Ɗakina na same shi ba ƙyaure, ciyawa ta fito har inda nake ajiye tulu, kwanukan da na bari ko murfi ban gani ba. Ban tsaya neman wanda ya ɗauka ba. Ƙanena ya koma kawo albasa da wake daga Arewa, ni kuma duk abin da na samu a wajen biki sai in shiga babbar kasuwa in sayi kwano ɗaya in tura ƙarƙashin gado. Na yarinyar ne.

Daga nan kuɗin mai suka zo. Kasuwa ta cika da kayan da ba mu taɓa gani ba, samira mai ruwan gwal, gado ɗan fomeka mai madubi, kabad mai gilas. A shekarun ne yarinyar ta ci jarrabawa ta tafi kwalejin malamai a Inugu. Mutanen unguwa sun yi magana, sun ce 'yar Hausawa me ya kai ta, ƙanena ya toshe kunnensa. Ni ban so ba, ban kuma hana ba. Abin da na yi kawai, na sa wata 'yar uwarmu da ke zaune a unguwar Uwani can Inugu ta riƙa sa mini ido a kanta. A gidan 'yar uwar tamu ta haɗu da yaron da ta aura, ɗan wajen Zariya, yana aiki da wani kamfanin mai a Fatakwal. Tana sonsa, yana sonta, na bincika ban sami abin zargi ba. Aka sa rana.

Wata la'asar, ta zo hutu, na fito da kwanukan ina wankewa ina shanyawa a kan tabarma. Ƙawata mai sayar da tuwo a bakin tasha tana taya ni gogewa, mace ce da ta yi aure ta fita fiye da yadda take son a tuna mata. Yarinyar tana zaune a kan turmi da littafi a cinya. Ita ce ma take rubuta wannan maganar yanzu, ni ina faɗa, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini ko kalma. Sai na ji ta ce, “Gwaggo, ni fa ba na son a yi mini jere.”

Na ci gaba da wanki. Ƙawata ta ce, “To a ƙasa za ki riƙa zuba masa miya?”

Yarinyar ta ce ba haka take nufi ba. Wai akwai wani ɗan gajeren labari na Turawan da, da aka karantar da su, tun da ta karanta ya tsaya mata a rai. Na ce ta faɗa mana da Hausa mu ji abin da ya fi ƙarfin kwanona.

Ga yadda ta ba mu shi. Wata mata ce a ƙasar sanyi ta auri wani mutumin kirki. Ba ya duka, ba ya zagi, ba ya barin ta da yunwa. Ta zo gidansa da 'yan kayanta na gidan uwarta. Duk shekara sai ya sayo sabon abu wanda ya fi nata kyau, ya ɗauke nata ya kai wani ɗakin ajiya ya kulle, yana murna ya faranta mata. Ita kuma sai ta yi godiya. Haka, haka, har ya kai kan wata tsohuwar kujera da uwarta ta bar mata. Rannan suka yi baƙi, wata baƙuwa za ta zauna, sai ta tambayi matar gidan, wace ce kujerarki, kada in zauna miki a kai? Matar tana riƙe da tiren shayi, ta duba nan, ta duba can, ba ta ce komai ba.

Ƙawata ta ce, “Sai aka yi yaya?”

“Shi ke nan. Nan ya ƙare.”

“Ya ƙare? Ko takarda ce ta ƙare masa? Ke, miji mai sayo kujera duk shekara, ki tambayar mini malamar taku ko yana da ƙane.”

Yarinyar ta yi dariya, amma ba ta saki maganar ba. Ta ce malamarsu, wata mata Ibo da ta yi karatu a waje, ta nuna musu cewa gidan ne ya cinye matar. A hankali ta zama ɗaya daga cikin kayan mijin, ana goge ta ana ajiyewa, ba a tambayarta. Ta ce malamar ta sa su duba ko sau ɗaya an kira matar da sunanta a cikin labarin, suka duba, ba a kira ba.

Na ce, “Ina danginta?”

“Labarin bai faɗa ba.”

“Ba ta da gwaggo? Ba wadda ta taɓa zuwa ta duba ɗakin ta ce ina abu kaza da muka kawo?”

“Bai faɗa ba, Gwaggo.”

“To wanda ya rubuta ya ɓoye rabin maganar. Mutanenta ne suka yar da ita.”

Ta rufe littafin. Ta ce, “Ni ba nan na ga ciwon ba. Matar ba ta taɓa buɗe baki ba, tun abu na farko da aka ɗauke. Mu ma haka ake koya mana. A lulluɓe ki, a zaunar da ke a bakin gado, mata su shigo su kalli kwano, su kalle ki, su fita suna cewa an yi ƙoƙari ko ba a yi ba. Wa ya taɓa tambayar amarya inda take son gadonta?”

Na daɗe ina jere, ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. Sai na ba ta abin da na sani. Na ce mijin da ya rasu a Arewa shi ne na biyu. Na farko, a can garinmu, zama ya ƙi. Ranar da zan bar gidansa 'yan uwana mata suka zo suka ɗauki kayana a ka, muka bi ta gabansa yana zaune a zaure, bai ce a sauke ko ludayi ba. Ba zai iya ba, domin duk matan unguwa sun zo ganin ɗaki ranar da aka kai ni, sun san nawa ne. Rabin kayan na sayar na fara sana'a. Na ce mata, “Masu shigowa kallo ɗin nan da kike jin haushi, shaidunki ne, ko da sun zo da gulma.”

Ta ce, “Kenan tun ranar shiga ake shirin fita.”

“Ana shirin ki zauna ne kina da ƙafa.”

Ba ta yarda ba, ni ma ban yarda ba. Da ƙanena ya dawo muka kai masa, ya ce, “Yaya, ku sasanta tsakaninku, ni nawa sayen gado ne, na kuma riga na saya.” Daga ƙarshe ta ce in yi yadda na ga dama. Na san ba amincewa ba ce, amma na karɓa a haka.

An ɗaura aure a Anaca. Muka ɗauki babbar mota a tashar Iweka, aka loda gado da kabad da katifa da kwalayen kwanuka, aka rufe da tamfol, muka yi rabin yini ba mu fita daga cunkoson tashar ba. A Fatakwal muka sauka gidan wani dattijo mai harkar shanu kusa da kwata a Trans-Amadi, mutumin ƙanena. Nan aka ajiye amarya da ƙawayenta. Shirin shi ne da safe mu je mu yi jere, da yamma a kai ta.

Abokin ango ne ya yi mana jagora. Muka shiga wata unguwa mai ƙofar ƙarfe, gidaje iri ɗaya a jere, ciyawa a aske. Wani dattijo mai tarin makullai, mai kula da gidajen, ya buɗe mana. Na cire takalmi na shiga da bismilla, sai na tsaya.

Gidan a cike yake. Kujeru masu laushi, teburin cin abinci, firij, labule a kowace taga. Na leƙa uwar ɗaka, ga gado da katifa har an shimfiɗa zani. Na shiga kicin na ja wani aljihun katako, cokula ne a ciki. Mu a wajenmu miji yana ba da ɗaki ne a share, bango huɗu da ƙofa, sauran na dangin mace ne. Ba wanda ya gaya mana akwai gidan da ake ba mutum har da cokali, mu ma ba mu yi tunanin tambaya ba.

Na ce wa matan da muka zo tare a fara fitar da gadon. Mai makullai ya tare ƙofa. Ya juya wata kujera ya nuna mana lamba da aka rubuta da farin fenti a ƙasanta, ya nuna ta jikin firij, ya nuna ta ƙafar gado. Ya ce, “Mama, nothing go comot. Na company get am.” Wato ba abin da zai fita, na kamfani ne. Ƙawata ta shiga lallashinsa da buroka irin ta bakin tasha, har ta kira shi mijinta, ya yi dariya amma bai matsa ba. Sai ya ja mu bayan kicin ya buɗe wani ɗan sito mara taga, ya ce mu zuba namu a nan, akwai makulli, ba abin da zai same su.

Hadari ya haɗu, kayanmu suna waje. Matan suka fara ɗaukar kwalaye suna nufar siton. Na ce su sauke. Ƙawata ta ce, “Hajiya, ruwa zai zo fa.” Na ce ya zo. Na zauna a kan kwali a baranda, na kira abokin ango na ce, “Je ka gaya wa abokinka, kayan 'yata ba za su kwana a sito ba. In ba ɗaki, ba amarya yau.”

Ni ban yi tsammanin wani abu ba sai a turo manya, maza su zauna su yi magana, a kawo mini amsa. Ashe abokin angon ya biya ta masaukinmu neman ƙanena, ya faɗi abin a tsakar gida kowa yana ji. Ba a daɗe ba sai ga tasi ta tsaya, amarya ta fito da ƙawarta guda, lulluɓe, hannu da ƙafa jawur da lalle. Matan suka fara salati ƙasa-ƙasa. Amarya ta zo gidan miji da ƙafarta da rana tsaka, ba a kawo ta ba. Na harare ta harara mai kyau. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tashi ta shige.

Ina kallonta ta ƙofa. Ta juya kujera ta ga lamba. Ta ɗaga labule. Ta je ta tsaya a bakin siton ta daɗe. Da ta fito ta ce da ni a hankali, “Gwaggo, ashe shi ma angon baƙo ne a nan.”

Ana haka ango ya iso cikin babbar rigarsa. Da ya gan ni ya cire takalmi tun daga nesa ya durƙusa. Ya ce, “Gwaggo, a gafarce ni. Na ɗauka an hutar da ku ne, tunda komai akwai.” Na juya wajen abokinsa zan ba da amsa ta bakinsa kamar yadda ya dace, sai yarinyar nan ta riga ni. Ta sassauta mayafinta, ta yi masa magana kai tsaye, a gabana, a gaban dangi.

“Wanne ne naka a gidan nan?”

Ya waiwaya ya duba falon. Ya sosa ƙeya. “Rediyo. Da dardumata.”

“Shi ke nan?”

“Da buta.”

Wani ya yi dariya ya haɗiye. Ta ce, “Ni ba zan zauna inda ba abin da zan taɓa in ce nawa ba. Ina son ɗaki guda da babu lamba a jikin komai.”

Ya ce, “Ke kika ce mini ba ruwanki da kwanuka.”

“Na ce ba na son a jera ni tare da su. Ban ce a kulle su a sito ba.”

Na zuba wa yaron ido, domin a irin wannan wurin ake gane namiji. Wani da ya ji an yi masa haka a gaban mutane sai ya kumbura. Shi kuwa ya kalli hadarin, ya kalli gadon fomeka da ke jingine a jikin mota, sannan ya tashi ya ja mai makullai gefe. Sun jima suna magana da Turanci. Da ya dawo ya ce dokar ita ce kada kaya su bar gidan, ba a ce kada su bar ɗaki ba. Akwai ƙaramin ɗaki na biyu, za a tara kayan kamfani na uwar ɗaka a can, in ya so duk ranar da aka zo dubawa a same su cif.

Ya tuɓe babbar riga ya ba abokinsa, abokin ya rasa wanda zai ba, ya rataye ta a ƙofa. Su biyu da direbanmu suka kama gadon kamfani. Bai fita ta ƙofa ba sai da aka kwance shi. Ƙawata tana bin su a baya tana cewa, “Sannu ango, a hankali da bayan nan, ba yau ake son ya ƙage ba.” Ya yi kamar bai ji ba, kunnuwansa dai sun ji. Muna shigar da kwali na ƙarshe ruwa ya sauko.

Na ce wa amarya to ta koma, an yi abin da take so. Ta ce a'a, tana nan. Ban taɓa yin jere mai ɗaki tana tsaye a kaina ba. Na ce gado ya fuskanci ƙofa, ta ce ya koma jikin bangon can don iska. Na ce ba a yin haka, ta ce wa ya hana? Na nemi wanda ya hana ban tuna shi ba, aka mayar da gado. Da muka zo kan kabad ta sa aka shigo da wani akwati daga tasi, littattafanta ne, ta ce hawa biyu na sama nasu ne. Nan na so in ƙi, domin hawan sama na tangaram ne tun da nake. Sai na tuna duk abin da ya shiga kabad ranar jere, mata sun gani, ya zama na mai ɗaki. Na karɓa na jera su da kaina, dogaye a gefe, gajeru a tsakiya, masu ja kusa da masu ja. Ta ce wasu na kifa su kai a ƙasa, ta miƙa hannu za ta gyara. Na ce, “Ke ce mai jere ko ni?” Ta janye hannunta.

Da ruwa ya ɗauke muka mayar da ita masauki, don a kawo ta yadda ake kawo amarya. Aka yi mata wanka, aka lulluɓe ta, ubanta ya yi mata nasiha, ta yi kuka har da shessheƙa. Muna shiga da ita ɗakin ƙawata ta raɗa mata, “Kukan me kike yi, ke da kika san inda makunnin fitila yake?” Na ji tana danne dariya a ƙarƙashin mayafi. Washegari matan ma'aikatan kamfanin da ke maƙwabtaka, Ibo da wasu ƙabilun bakin ruwa, suka shigo ganin ɗaki, ba su san al'adar ba amma sun ji labari. Na bar su suka taɓa komai.

Har yau ba mu daidaita a kan matar cikin labarin ba. Ni ina kan cewa danginta ne suka cuce ta, ita tana kan cewa shirunta ne.

Bayan na koma Anaca ba da daɗewa ba aka aiko mini jeren 'yar wani mai sayar da busasshen kifi. Da hantsi, kafin mu tafi gidan angon, na shiga inda aka ɓoye amarya. Na sallami ƙawayenta, na zauna a gabanta, na ce, “Me kike so a ajiye a ina?”

Ta ƙara jan mayafinta. Ta ɗauka gwada ta nake yi. Uwarta daga bakin ƙofa ta ce, “Hajiya, wannan kuma wane sabon salo ne? Ita me ta sani?” Na ce ta ba mu wuri. Na ci gaba da zama. Na iya jira, duk wadda ta san ni ta san haka. Can sai na ji murya daga cikin mayafi, da ƙyar take fita.

“Keken ɗinkina.”

“Me ya same shi?”

“A sa mini shi a bakin taga. Kada a sa a bayan ƙofa, ba na gani.”

Bakin taga wurin kabad ne, nan haske yake dukan samira mutane su ga kyanta tun daga tsakar gida. Na gaya mata haka. Ba ta ce to ba. Na tashi na ɗauki mayafina, na ce wa masu ɗaukar kaya keken za a fara shigarwa.